Azumin da Aka Auna Gonar Bawa

Bana ma ruwa yana ta yi mana yanga. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe wa mutane shanya, a yi ta gudun shigar da kaya, sai kuma ya watse ya bar mu da zufa. Ina zaune a tsakar gida nan Anka ina wannan kallo, sai jikata Hafsatu, wadda ta karanta aikin gona, ta fito da wani abu kamar alƙalami ta tsoma cikin ruwan da ta kaɗa da ƙasar tumatirinta. Wai tsamin ƙasa take aunawa. Ta shiga yi mini bayani kamar ta samu 'yar firamare. Na bar ta ta gama, sannan na ce mata na san abin nan tun ba a haifi uwarta ba, kuma na san matar da ya fitar daga ɗakinta.

Cikin shekarun tamanin ne, shekarar farin nan da azumi ya faɗo a bakin damina. Ina amarya a lokacin. Maigidana Malam Umaru, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne, aka tura shi wani ƙauye a bakin gulbi tsakanin Bukkuyum da Gummi. Babu gidan gwamnati a garin, sai dagaci ya sauke mu a gidan wani dattijo, Baba Bawa, aka ba mu ɗakin da ke kusa da zaure. Matarsa ɗaya, Inna Tumba, doguwa ramammiya mai yawan dariya. 'Ya'yanta mata sun yi aure nesa, ɗanta namiji ya tafi cin rani Kurmi bai dawo ba, don haka tun ranar da na sauka ta riƙe ni 'ya. Ita ta koya mini tuwon dawa da ba ya gudaji, ita take rufa mini asiri in na ƙona miya.

Mace ce da ba ta iya ganin ƙazamin kwano ta wuce. Tukwanenta har mata suke zuwa gani. In na ajiye ƙwarya da ɗan ɓurɓushin fura, kafin in waiwaya ta ɗauke. Ina tsokanarta in ce wata rana ni ma za ta haɗa ni da toka ta dirje, ta ce ai da na ƙara haske.

Ruwa ya sauka sau ɗaya a farko, mutane suka yi shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone. Aka sake yin binne, wato a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa, tururuwa da zabbin daji suka cinye. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, aka dawo cikin rana mai dafa ƙwaƙwalwa. Matan Fulani suka daina shigowa da nono, sai dai ka ga mazansu suna jan shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa zuwa kasuwar Gummi. A haka aka ga wata.

Sahur ɗinmu kunu ne tsararo da ɗan tuwon jiya in ya rage. Gari na wayewa mu ɗauki tuluna mu sauka gulbi. Gulbin kuwa yashi ne zalla, sai mu tona rami da sakaina har hannu ya nutse zuwa kafaɗa, mu zauna muna jiran ruwa ya tsatso, mu riƙa kwarfa da ɗan koko. Kafin tulu ya cika rana ta take, yashi na ƙona tafin ƙafa. Mu dawo mu yi daka, dawa kaɗan dusa da yawa. Da azahar kowa ya samu inuwa ya kwanta, leɓe a tsage, ba mai iya magana. Ruwan da muka sha wuyar ɗaukowa na sha ne da alwala da girki. Wanke-wanke kuwa sai dabara: a dirje kwano da toka a bushe, a goge da tsumma, shi ke nan. Duk matan garin haka suke yi, kuma kwanukan suna ƙyalli.

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a raba injunan ban-ruwa ga masu fadama, da bututun da ake kafawa cikin yashin gulbi, da irin masara da man injin. Amma ba kowace gona ba. An ce ƙasar da kanwa ta yi wa yawa, in aka riƙa yi mata ban-ruwa, kanwar tasowa take yi ta kashe shuka. Saboda haka Malam zai auna kowace gona. Wadda ta yi kyau a kafa mata turke mai farin fenti, wadda babu turke babu ruwanta da inji. A shekarar nan farin turke shi ne tuwon gida.

Na'urar awon ba irin alƙalamin Hafsatu ba ce. Akwati ce kamar ƙaramar rediyo, da allura mai yawo a kan lambobi, da abubuwan murɗawa guda biyu, da waya mai ɗauke da tsinken gilashi. Kan tsinken siriri ne ƙwarai, kuma ba a barinsa ya bushe, kullum yana cikin 'yar hularsa da ruwan magani. Muna azumi maƙogwaro a bushe, shi kuwa yana jiƙe, har haushinsa nake ji. Malam ya koya mini karatunta: bakwai shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da bakwai tsami, sama da bakwai kanwa. Duk gonar da ta haura takwas ba ta samun turke.

Kowace safiya kafin rana ta yi zafi sai ya saita ta, ni ce mai riƙe kwalabe. Kwalba biyu ce, kowacce an narka ƙwayar magani a ciki, ɗaya an san bakwai ce, ɗaya huɗu. Ya ɗauraye tsinken, ya tsoma a ta bakwai, ya jira allura ta natsu, ya murɗa har ta tsaya daidai kan bakwai. Ya sake ɗauraya, ya tsoma a ta huɗu, ya murɗa ɗaya abin. In ta ƙi zama ya sake daga farko. Ɗaurayar kuwa ba da ruwan gulbi ba, da wani tataccen ruwa ne da ake kawo masa a jarka daga Sakkwato. Da shi yake kaɗa ƙasa a cikin wasu fararen kofunan roba, da shi yake ɗauraye kofunan. Malam mutum ne mai son a ce aikinsa ba shi da gyara. Yadda yake lallaɓa akwatin nan, ni bai taɓa lallaɓa ni haka ba.

Jarkar ta kusa ƙarewa, motar Sakkwato ba ta zo ba, ranar da layi ya zo kan gonar Baba Bawa. Da safe Malam ya buɗe jakar kayan aiki don ya ɗauraye kofuna kamar kullum, ya gan su fes. Ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ce, “Ashe jiya na ɗauraye su.” Ya mayar, ya rufe jarkarsa yana murnar ya yi tsimin ruwa.

Gonar Bawa tana daidai saman inda muke tonon ruwa, don haka ni da Inna Tumba muna kallon komai daga cikin gulbi. Bawa ya sa rigarsa ta Juma'a. Gonar ubansa ce, kowa ya san irin albasar da take yi. Malam ya ɗebi ƙasa daga kusurwa uku ya zuba a kofi uku, ya kaɗa, ya jira ta kwanta, ya tsoma tsinke. Muka ga ya sunkuya ya daɗe. Ya koma kofi na biyu, ya koma na uku. Sai muka ga ya miƙe yana girgiza kai, mai ɗauke da turaku ya wuce gaba. Allura ta haura tara a duka ukun.

Muryar Bawa ta iso mu har cikin gulbi. “Malam, sake dai! Gonag ga ba ta da kanwa, aradu ba ta da ita!”

“Baba, so uku na auna,” in ji Malam. “In na sake maka don ina kwana gidanka, mi mutane za su ce?”

Ya ɗauraye kofunansa kamar yadda yake yi tsakanin gona da gona, ya tsallaka kunya ɗaya tak zuwa gonar Nomau, maƙwabcin Bawa. Ta ba da shida da rabi, aka kafa mata turke. Inna Tumba ta ci gaba da kwarfar ruwa. Sai da tulu ya cika ta ce mini, “Kak ki sa ma ranki, ɗiyata. Malam aikinai yay yi.”

Ba a daɗe ba babbar mota ta kawo injuna, aka raba, ta juya. Fadama ta cika da ƙara da warin mai. Masara ta tsiro kore shar a gonar Nomau da ta wancan gefen, gonar Bawa na tsakiya fari fat, ruwa na gudu a bakin kunyarsa yana wucewa. Ya je ya roƙi Nomau ya ɗan karkato masa. Nomau, wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya ce, “In ƙone man gwamnati ga kanwa? Tai ka tambayi baƙonka.” Bawa ya daina amsa gaisuwar Malam. Rumbunsa ya kai ƙasa, muna jin ƙarar ƙwarya na kartar gindinsa. Duk da haka kullum da magariba Inna Tumba sai ta miƙo mini ɗan kunun tsamiya ta bayan ido.

Shi ma Malam bai tsira ba. Tsofaffi suka ce sun ci albasar gonar Bawa tun ba a haifi mai akwatin ba. Waɗanda ba su samu turke ba suka samu abin riƙewa. In ya wuce da kekensa sai ka ji an ce, “Ga mai akwatin ƙarya nan.” Har a masallaci wani ya tambaye shi ko akwatin za ta iya auna ko alwalarsa ta yi. Ya dawo gida yana huci. Na lura ba yunwar gidan Bawa ce ke hana shi sukuni ba, sunan nan ne.

A goman ƙarshe aka kawo sabuwar jarka. Washegari Malam bai fita ba, ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinmu ya baje kaya, ya ce yau sai ya san mai ƙarya. Ya canja batir. Ya ɗaga tsinken ga rana yana neman tsaga, babu. Ya ga 'yar kumfa a cikin kan, ya yarfa shi a hankali har ta haye. Ya zubar da tsohon ruwan saiti ya narka sababbin ƙwayoyi. Bakwai ta tsaya kan bakwai, huɗu ta tsaya kan huɗu, allura ko rawa ba ta yi. Akwati lafiyarta ƙalau. Sai ya hau keke ya je ya ɗebo ƙasar gonar Bawa a aljihu, ya ɗauraye kofi sosai, ya kaɗa, ya tsoma. Shida da rabi. Ya sake, haka. Na ga zufa ta karyo masa, ba kuma ta rana ba.

Ya zazzage jakar gaba ɗaya. Can ƙasa ga wani kofi mai tsagaggen baki da ya daina amfani da shi, shi ma fes kamar yadda sauran suke a waccan safiyar. Ya zuba masa tataccen ruwa zalla, babu ƙasa, ya tsoma tsinke. Allura ta tashi ta wuce tara tana neman goma. Ya shafa cikin kofin da yatsa, ya ji santsi, ya duba yatsan ya ga toka-toka.

Baba Bawa ba ya gida. Inna Tumba na bakin murhu tana tankaɗe. Malam ya ɗaga murya, “Wa yat taɓa kohunan nan?”

Ta juyo da fara'arta. “Ni ta, Malam. Ranad da za ka auna muna gona, nig gan su waje da ƙasa-ƙasa, nic ce ba a auna gonammu da ƙazamin kohi. Nid dirje maka su duka da toka mai kyau, ta karan dawa, nim maishe maka su cikin jakarka. Ko ba su hita ba?”

Ba ta san toka 'yar'uwar kanwa ce a wurin akwatin ba. Ina za ta sani? Ni da nake riƙe kwalabe kullum sai a ranar na sani. Malam ya shige ɗaki, na bi shi na sakaya ƙofa.

“Malam, don Allah kak ka hwaɗi sunanta,” na ce. “Ka ce ka sake awo, gona lahiya lau. Ka ce kuskure anka yi, ka tsaya nan.”

“Kuskuren wa? In na ce kuskure, akwati za su ce. Duk turken da nik kahwa ya zama abin shakku.”

“To ka ce kai na ba ka ɗauraye ba. Ai ina nan kad duba su kam maishe.”

Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mini ba. “Ni nis sa toka?”

“Ka san halin Baba Bawa. Ka san abin da ka cikin rumbun nan. Matag ga ba ta da kowa.”

“Gaskiya za ni hwaɗi, Rabi. Ba a hana ni hwaɗin gaskiya cikin azumi.”

Na durƙusa na riƙe gefen rigarsa, abin da ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba. Ya zare rigar, ya ɗauki akwati da kofin ya fita. Gaskiya ya faɗa kam, amma rabinta, rabin da ya wanke shi.

Bayan la'asar, a ƙofar dagaci, gaban duk mazan gari, ya yi abin kamar mai wasan dabo. Ya auna ƙasar Bawa a ɗaurayayyen kofi, aka ga shida da rabi. Ya auna ruwa zalla a kofin toka, aka ga allura ta tashi. Ya ce akwati ba ta taɓa ƙarya ba, matar gidan ce ta wanke masa kofuna da toka ba da saninsa ba. Maganar cewa shi bai ɗauraye ba, ko kusa bai kai nan ba. Sai wani ya tuntsire da dariya ya ce tsabtar Tumba ta cinye gonar mijinta, sauran suka ɗauka. Bawa ya tambayi dagaci ko yanzu za a ba shi inji. Dagaci ya ce injuna sun ƙare, mota ta tafi. Bawa ya juya ga Nomau, Nomau ya ce man da ya rage masa ko tasa masarar ba zai kai ba.

Bawa ya shigo gida ana gab da shan ruwa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Tumba, ke kiw wanke kohunan Malam?” Ta ce ita ce. Ya ce, “To kin wanke muna abincin shekara. Ki tai gidanku, na sake ki.” Ludayi na hannunta, ta tsaya tana kallonsa kamar da wata yake. Ta kawo masa kununsa duk da haka, ya karɓa ya sha.

Liman ya zo bayan magariba ya ce ko ba komai ta yi idda a ɗakinta, haka shari'a ta ce. Bawa ya ce, “Wa za shi ciyad da ita? Kai?” Liman ya tashi ya tafi. Har yau ina da yaƙinin ba gonar kaɗai ce ta sa ba. Bakin mutum ɗaya yake son ragewa daga masu cin rumbun nan, mijina kuwa ya miƙa masa dalilin da ba wanda zai zarge shi.

Da safe ta ɗaure kayanta a zane. Iyayenta sun daɗe da rasuwa, sai wani ƙaninta a wajen Gummi wanda shi ma an ce iyalinsa ganye suke ci. Babu mota sai ranar kasuwa, ta ce ba za ta jira ba. Na raka ta har bayan gari ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ɗauko mata ruwa a gora na ce matafiyi ai an yarda ya sha, ta ce ba za ta haɗa saki da ramuwa ba. Ta tsaya ta gyara mini ɗankwali, ta ce, “Ki ce ma Malam shi yahe mani, na ɓata mai aiki.” Ta bi hanyar nan mai yashi, rana na tasowa a bayanta, kuma ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Da la'asar Malam ya leƙo ɗaki ya ce tunda babu mace a gidan, in ƙara hannu a girki, Baba zai sha ruwa tare da shi. Na ce ba zan yi ba. Ya ce zan yi. Na kuwa yi, a murhunta, da muciyarta.

Na kai musu zaure na koma bayan zana na tsaya. Mutanen da suka daɗe ba sa gaisawa, ga su sun sa hannu a akushi ɗaya. Na ji Bawa ya ce, “Malam, nawa ma kac ce gonag ga ta ba da?”

“Shida da rabi, Baba. Duk hwadamag ga babu wadda taf hi ta.”

“Madalla,” in ji Bawa da tuwo a bakinsa. “Ai na hwaɗa masu.” Sai ya ɗaga murya ya ce in ƙaro miya.